Keken Yaya da Aka Yanka

Ina riƙe da takalmi ƙafa ɗaya a wani shago a titin Zhanxi Lu a Guangzhou lokacin da wayata ta yi ƙara. Lambar yayana ce, amma ba muryarsa ba. Wani tsoho ne yake magana da Sinanci, da sauri, yana haki, ban tsinci komai ba. Na miƙa wa matar mai shagon wayar. Ta saurara, ta daina taunar abin da take tauna. Da ta gama sai ta rubuta a tata wayar, wayar ta mayar da shi Turanci, ta juyo mini da ita. Layi biyu ne. Yayanka ya faɗi a kan hanya kusa da Kaiping. Likita ya ce zuciya ce, ya riga ya rasu.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tuna na mayar da takalmin cikin kwalinsa, har na gyara takardar da ake naɗe shi da ita. Ban san dalilin da ya sa na yi haka ba.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara shida. Shi ya kawo ni Guangzhou, ya nuna mini inda ake sayen takalma, shi kuma ya ci gaba da harkarsa ta fitilu da kayan wuta. Gida ɗaya muke haya a bayan titin Liuhua Lu, ɗaki biyu da ɗan falo. Shekara uku kafin rasuwarsa likita ya ce masa yana da ciwon suga, sai ya riƙa motsa jiki. Ya fara da kekunan hayar nan da ke zube a bakin titi. Daga baya ya je unguwar Tianhe ya sayo keken tsere, shuɗi mai duhu, mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai. Ya shiga cikin wasu tsofaffin 'yan China, duk sun yi ritaya, da suke fita bayan gari kowace Lahadi. Babbansu tsohon direban bas ne, Yaya yana ce masa Baba direba. Shi ne ya kira ni ranar nan.

Mun yi wa Yaya dariya, ba zan ɓoye ba. Wandon masu keke matsattse ne, don haka ya sa wani tela ɗan Yamai ya ɗinka masa wani mai faɗi da ya rufe gwiwa, yana ɗorawa a kai. Idan ya fito da hular kwano da wannan wando, ga furfura a gemu, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa ba sa raga masa.

"Alhaji mai keke! Yau kuma wane ƙauye za a kai madara?"

"Mutum ya baro Kano a jirgi, ya zo China ya koma keke. Allah Ya kyauta."

Shi dai sai ya ɗaga musu hannu ya wuce. Sunan ya bi shi, Alhaji mai keke. Ni ma ina faɗa, har a gabansa.

Abin da ya fi so ya yi shi ne zagayen Kaiping. Kwana uku ne a kan keke, a fita daga Guangzhou ta yamma, a ratsa ƙauyuka, a zago ta kudu a dawo. A can akwai tsofaffin hasumiyoyin tsaro a tsakiyar gonakin shinkafa. Ya nuna mini hotunansu ya fi sau goma. Ya ce mutanen yankin da suka tafi ƙasashen waje neman abinci su suka gina yawancinsu, saboda 'yan fashi da ambaliya, kuma da yawansu ba su dawo sun kwana a ciki ba. Ya ce akwai wata gajeriya ta jan tubali da ta girmi sauran da ɗaruruwan shekaru, har yanzu ba wanda ya ɓalle mata tubali ɗaya.

"Mu kuwa ka ga badalarmu ta Kano," in ji shi. "Kowa ya ɗebi ƙasa ya yi katangar gidansa."

Ya ce lallai tare za mu je. Ya saya mini hular kwano, ya aro mini keke a wurin mutanensa. Lahadi huɗu muna fita bakin kogi yana koya mini canja giya. Na yi masa alkawari. Ana jibi za a tafi na ce masa ana lodin kwantenata, ba zan iya bari ba. Lodin gaskiya ne, amma ba ya bukatata, akwai mai kula da shi. Abin da ya hana ni shi ne na hango wani ya ɗauke ni hoto da hular nan ya watsa a zauren wayarmu na 'yan kasuwa, ya isa Kano kafin in dawo. Yaya ya dube ni, ya san dalilin, bai faɗa ba.

"Ba komai," ya ce. "Hanyar tana nan. Baɗi sai mu sake."

A rana ta biyu, da hantsi, ya faɗi.

Ba zan tsawaita kan kwanakin da suka biyo baya ba. A gida mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an rufe shi. A nan sai da muka yi fiye da mako muna yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, shi kuma yana kwance a cikin sanyi. Mutanen masallaci sun tsaya mana har aka samu izini, muka binne shi a maƙabartar Musulmi a bayan gari. Tare da takardun aka ba ni kekensa. Ba abin da ya same shi sai ɗan ƙarzane a hannun birki na dama. Gorar ruwansa tana maƙale, rabinta da ruwa.

Na jingine shi a lungun shiga gida, inda ya saba jingine shi. A nan masu ta'aziyya suke cire takalma.

Sun zo da yawa, na Kano da na Maraɗi da na Yamai, sun yi addu'a, wasu sun yi kuka na gaske. Amma ina zaune a falo ina jiyo abin da ke faruwa a lungu. Duk wanda zai fita sai ya tsaya. Wannan ya ɗaga keken da yatsa biyu ya ce kai, kamar ba komai. Wancan ya ƙwanƙwasa firam ɗin, wato ƙarfen jikinsa, da farce ya kasa kunne. Wani ya murza taya ya tsaya yana jiran ya ga yaushe za ta tsaya. Na ji wani yana tambaya a hankali, da muryar da ake amfani da ita a gidan mutuwa, ko a wane shago aka saya. Ba su shafa fatiha da minti biyu ba. Na ƙyale su, don baƙina ne.

A cikinsu akwai aminin Yaya, wanda zan kira Alhaji kawai. Tun suna samari a kasuwar Sabon Gari suke tare. Shi ya shiga wankan gawa tare da ni, shi ya riƙe ni a bakin kabari. A rana ta uku, da mutane suka watse, ya tsaya a lungu ya dubi keken, ya dube ni.

"Ƙanena, wannan abin zai riƙa tayar maka da hankali kullum ka shigo. Bari in ɗauke maka shi. Yana sitona, in kwantena ta tashi in sa shi ya tafi wa iyalinsa."

Na gode masa. Gaskiya na ji daɗi. Ba na iya wuce keken nan ba tare da na juya kai ba. Ni na riƙe masa ƙofa ya fita da shi.

Bayan wajen wata guda Baba direba ya neme ni. Muka haɗu da rana a wani gidan taliya na Musulmin China. Gajere ne, fatarsa ta ƙone da rana, ƙwaurinsa kamar na saurayi. Muka ajiye waya a tsakaninmu, ya yi magana ta fassara, in yi ta fassara. A haka na ji abubuwan da ban taɓa tambayar Yaya ba. Ya ce sun san lokutan sallarsa, idan ya rage gudu yana duban rana sai su nemi inuwa su tsaya, ɗaya ya riƙe masa keke. Ya ce dominsa suka daina tsayawa wasu gidajen abinci. Ya ce ranar da abin ya faru suna kusa da wata hasumiya, Yaya ya sauka ya ɗauki hoto, ya ce na ƙanensa ne, ya koma zai hau sai ya zauna a ƙasa.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba su ƙarasa zagayen ba, a nan suka bar shi. Ya ce ba addini ba ne, al'adarsu ce kawai su 'yan ƙungiyar, kuma sau ɗaya suka taɓa yi. Idan ɗayansu ya faɗi a hanya, suna komawa wurin da kekensa, wani nasa ya hau, su raka shi har ƙarshen hanyar. Ya ce suna so a yi kafin ruwan sama ya yi ƙarfi, saura mako uku. Ya tambaye ni ko zan hau.

Na san wannan ba sadaka ba ce. Na san ba za ta ƙara wa Yaya komai ba a inda yake, addu'a ce za ta kai masa. Amma na yi masa alkawari na saɓa, kuma ga wanda ya zo har inda nake ya miƙo mini hanyar cika rabinsa. Na ce zan hau. Ya ce a kan kekensa fa, ba wani ba. Na ce yana nan, gobe zan ɗauko.

Washegari na je ofishin Alhaji a Liuhua Lu. Ya tarbe ni da shayi, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙarin haƙuri. Da na ambaci keke sai ya ce yana sito, amma makullin yana hannun wani, in dawo jibi. Na dawo jibi, aka ce ya fita. Na wuce siton da kaina, don na san shi. Mai gadin ya duba cikin kaya, ya girgiza kai.

"Meyo," ya ce. Babu. Ita ce kalmar da kowane ɗan kasuwa ya fara koya a garin nan.

Ina fitowa na ci karo da wani dattijo ɗan Maraɗi da suke haɗa kwantena da Alhaji. Na gaya masa abin da nake nema. Ya gyara rawaninsa.

"Malam, ba a faɗa maka ba? Ai keken marigayi yana garin Dongguan tun satin da aka yi sadakar bakwai. An kai shi samfur. Na ɗauka da saninka."

Wanda bai yi wannan sana'a ba sai an yi masa bayani. Mu a nan ba ma ƙirƙirar komai. Muna ganin abu mai kyau, mu kai wa masana'anta, mu ce a yi mana irinsa amma mai araha. Abin da aka kai shi ne samfur. Kuma samfur ba ya dawowa yadda ya tafi. Na sani, don kullum ina yi.

Na zauna a ƙofar ofishin Alhaji har ya dawo. Da ya ga fuskata bai yi musu ba.

"Zauna, ƙanena, zauna. Wallahi da na so sai an gama in ba ka mamaki."

"Alhaji, ka ce za ka kai wa iyalinsa."

"To me za su yi da shi? Matarsa za ta hau? Ka saurare ni. Yaran masu hali a Kano da Abuja yanzu irinsa suke hawa da safe, ba mai kawo shi da araha. Ni na gani, ba wanda ya gani. Marayun nan ba zan manta da su ba in abin ya kama. Shi kansa marigayi da yana raye ce mini zai yi, ɗauka."

"Da yana raye dariya kake yi masa."

"Kai ba ka yi ba?"

Ya zuba mini shayi, ban taɓa ba.

"Ƙarfe ne fa," ya ce a hankali. "Ba Alƙur'aninsa na ɗauka ba."

Na ce ya kai ni wurin. Ya ce sai dai mako mai zuwa. Na ce gobe. Da safe muka tafi a motar haya, tafiyar kusan awa biyu, shi yana ta amsa waya.

Masana'antar ba babba ba ce. Mai ita ya fito da fara'a, yana ce wa Alhaji lawban, wato maigida, ya kai mu wani ɗaki a sama mai hasken fitila fari. A kan dogon tebur keken Yaya yake, a baje. Kowace ƙusa da 'yar takarda mai lamba a jikinta. An zare wayoyin taya ɗaya an jera su. An warware zanen da ke naɗe a hannun keken, inda tafin hannunsa ya dushe launin, an nannaɗe shi an sa masa roba. An fere fatar sirdin don a ga soson ciki. Firam ɗin kuwa an sa zarto an yanke shi a wuri uku. Wani injiniya mai ladabi ya ɗauko guntu ɗaya ya nuna mini bakin yankan, ya sa ma'auni, yana yaba yadda ƙarfen yake da siranta a tsakiya da kauri a baki. Yana tsammanin ni ma mai saye ne.

Na nemi a nuna mini bayi. Na daɗe a ciki, ruwa yana zuba, ina dafe da bango.

Ba Alhaji kaɗai ne ya tayar mini da zuciya ba. Teburin nan na san shi. Irinsa ne a masana'antun takalma da nake zuwa, kuma ni nake riƙe wuƙar, in tsaga tafin takalmi in ga hawa nawa ne. Ranar Juma'a nakan makara da gangan a ƙofar masallaci, mutane suna nafila ni ina ɗaukar hoton takalmansu. A tsaye a bayin nan na tuna cewa a zaman makokin Yaya, rana ta biyu, na raka wani baƙo ƙofa, idona ya sauka a kan wani takalmi ruwan ƙasa mai ɗinki a waje, na riƙe shi a raina don in nema daga baya. Gawar ɗan'uwana ba ta kwana biyu a ƙasa ba. Da keken wani ne aka jingine a lungun wani, ban tabbata ba zan ɗaga shi da yatsa biyu ba.

Da na dawo ɗakin sun shigo da wanda suka ƙera. Shuɗin ɗaya ne, lanƙwasar ɗaya ce. Alhaji ya turo shi gabana.

"Na farkon naka ne. Ɗauki ka je ka yi zagayen da shi, su tsofaffin ina za su gane? Ka duba nan."

Ya nuna mini jikin firam. An manna rubutu da farin fenti, da manyan baƙaƙe. Alhaji Mai Keke.

"Don tunawa da shi," ya ce. Idonsa ya kawo ruwa. Na duba sosai, ruwan na gaske ne. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na ce a ba ni kwali. Mai masana'antar ya dubi Alhaji, Alhaji ya gyaɗa kai, ai sun gama aunawa. Da hannuna na kwashe komai, ƙusa bayan ƙusa, ina cire 'yan takardun nan ina zubarwa a ƙasa. Zan rufe kwalin sai wata ma'aikaciya, dattijuwa, ta biyo ni da leda. 'Yar jakar da ke rataye a ƙarƙashin sirdi ce, ta ajiye ta daban. Na ce mata shiyeshiye, na gode. A motar bas na dawo ni kaɗai, kwalin a kan cinyata.

A gida na buɗe jakar. Carbi ne, da dabino uku, da tiyub na taya, da takarda a ninke. Taswirar hanyar ce ya buga, ya bi ta da jan biro. Ya sa alama a wurare ya rubuta azahar, la'asar, ruwa, masauki. A wurare huɗu kuma ya zana da'ira ya rubuta, nan zai gaji. Tun lokacin da yake ganin tare za mu tafi ya yi ta, bai sake wata ba.

Na aika wa Baba direba hoton abin da ke cikin kwalin. Bai amsa ba sai bayan kwana biyu. Ya rubuto cewa ranar tana nan, in zo, akwai keken da aka taɓa ara mini.

Muka tafi a wata ƙaramar mota da kekuna a baya, su shida ni na bakwai. Na sa hular kwanon. Na sa wandon Yaya mai faɗi, ya yi mini tsawo. Wurin da ya faɗi ba wani abu ba ne, gefen siririn titin siminti ne, ga kududdufi da agwagi, ga gonar shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Hasumiyar tana tsaye a tsakiyar gonar, hawa biyar, toka-toka, tagoginta ƙanana da murafun ƙarfe da suka yi tsatsa, da 'yan ramuka a ƙarƙashin rufi inda ake sa bakin bindiga. A samanta an yi mata ado irin na Turawa, wata bishiya ta tsiro a tsagar bango. Ba kowa a ciki. Tsofaffin suka jeru suka sunkuyar da kai. Ni na juya gefe na yi masa addu'a. Ɗaya daga cikinsu, ba tare da na roƙa ba, ya riƙe mini keke.

Na sa taswirar a aljihu muka hau. Sun sa ni a tsakiya, biyu a gaba suna tare mini iska. Muka wuce ƙauyuka inda aka shanya ɓawon lemo a kan faifai, muka bi ta cikin gora mai tsawo da ta rufe sama, muka haye gada a kan wani kogi mai laka. Hasumiyoyin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wata ita kaɗai, wasu uku a jere a bayan ƙauye. Baba direba ya rage gudu ya nuna mini gajeriyar nan ta jan tubali. Na gane ta daga hoto. Bangonta ya fi tsawon hannuna kauri, wata tsohuwa tana zaune a inuwarta tana gyaran wake.

Awa ta farko na ji kamar zan iya. A ta biyu cinyoyina suka fara rawa, sirdin ya zama kamar bakin gatari. Sai hanya ta fara hawa a hankali ta gefen wani tudu mai bishiyoyin ayaba. Na sauke giya yadda ya koya mini, na sake saukewa, har ba saura. Numfashina ya koma fito. Na ga duhu-duhu a gefen idona. Na sa ƙafa a ƙasa, na sauka, na zauna a kan wani dutse, na yi amai a cikin ciyawa.

Da na ɗan dawo hayyacina na zaro taswirar. Baba direba ya leƙo, ya sa yatsa a inda muke. Muna cikin da'irar jan biro, ta uku. Ya tambaya ta waya me aka rubuta a wurin. Na gaya masa. Ya karanta fassarar, ya juya baya, ya daɗe yana gyara sarƙar kekensa da ba abin da ya same ta.

Na huta awa guda na sake gwadawa. Ban yi nisan jifa ba ƙafar dama ta ƙage. Suka yi shawara da yarensu, suka kira motar. Na ce su ci gaba su, in same su a Guangzhou. Suka ƙi. Baba direba ya ce zagayen ba nasu ba ne, ba za su ƙarasa ba sai da ni. Aka mayar da kekuna bakwai bayan mota. Muna hanya ruwan sama ya sauko, kuma bai tsaya sosai ba sai bayan watanni.

Kwantenar Alhaji ta tafi. An ce kekunan sun isa, ban tambayi yadda suka yi ba. Muna haɗuwa a masallaci, yana miƙo hannu, ina karɓa, don ya riƙe ni a bakin kabari kuma wannan ma ya faru. Ni kuwa na daina makara a ƙofar masallaci, amma ban daina tsaga takalma ba, da shi nake ci. Matar Yaya ta tambaye ni keken sau ɗaya a waya, na ce yana wurina. Ban ƙara komai ba.

Na kai guntayen firam ɗin shagon Tianhe inda ya saye shi. Mai shagon ya jujjuya su, ya ce ko an haɗa ba zai ɗauki mutum ba. Na dawo da su. Kwalin yana ƙarƙashin gadonsa, gorar ruwan tana ciki, ban zubar da ruwan ba. Baba direba yana aiko mini da saƙo lokaci-lokaci, kalma biyu ko uku, yana tambaya ko ina fita Lahadi. Wani makon ina fita, wani makon ba na fita.

Daga da'ira ta uku zuwa gida saura kwana ɗaya da rabi a kan keke. Har yau ban yi su ba.